Gyara Kayanka ko Sauke Mu Raba? Darasi Daga Rikicin Wutar Lantarki

Gabatarwa

Tambayar da nake so mu tattauna a kai ita ce: idan mutum ya faɗi gaskiya, amma ba don Allah ya faɗe ta ba, sai don ya karya abokin hamayyarsa, shin za mu kira shi mai gaskiya? Mu kuma da muka ji, yaya za mu yi da maganar tasa, mu karɓa ko mu yi watsi da ita?

Abin da ya jawo ni ga wannan tambaya laifin kaina ne. A wata gasar rubutattun waƙoƙi da aka yi bara, wani abokin karatuna ya zo na ɗaya, ni kuwa na zo na uku. Sai na nemi waƙar tasa, na kwana ina yanka ta ƙafa-ƙafa, har na gano baiti biyu da karinsu ya karye. Ranar taro na miƙe a gaban malamai da ɗalibai na faɗa. Ba wanda ya ƙaryata ni, don kuwa karin ya karye ɗin. Amma tun daga ranar zuciyata ba ta kwanta ba, na kuma rasa dalili, tun da ban yi wa kowa ƙarya ba. Ban gane abin da ke damuna ba sai da wani maƙwabcina a ɗakin kwana, ɗalibin aikin injiniya, ya ba ni labarin wani rikici da aka yi a Amurka kan wutar lantarki. Kafin in kawo labarin, dole in yi bayanin abin da aka yi rikicin a kansa.

Wuta Iri Biyu

Mafi yawanmu wuta ɗaya muka sani, in an kawo mu yi murna, in an ɗauke mu yi tsaki. To, ashe iri biyu ce. Akwai wadda masu aikin wuta suke kira Disi, wadda zan kira miƙaƙƙiyar wuta. Ita wannan fuska ɗaya take bi a cikin waya, kamar ruwan kogi, ba ta juyowa. Ita ce wutar batir, ita ke cikin tocila da mota. Sa'an nan akwai wadda suke kira Esi, watau wuta mai kai-komo, wadda ke zuwa gidajenmu ta kan turaku. Ita kuma ta yi gaba ta dawo baya take yi, a ƙasarmu sau 50 a daƙiƙa guda, a Amurka sau 60.

Mai karatu zai ce, abin da ke kai-komo a wuri ɗaya wane aiki zai yi? Sai ya dubi mace tana niƙa. Ɗan dutsen ba ya zuwa ko'ina, gaba da baya kawai yake yi, amma ga gari nan yana zuba. Haka abin yake ga ƙwan lantarki: ko ta wace fuska wutar ta bi ta cikinsa, zai kama.

Bambancin yana fitowa ne idan za a kai wuta nesa. Abu biyu ake aunawa a wuta: ƙarfin da ke ingiza ta, wanda ake ƙirgawa da bolt, da kuma yawan wadda ke gudana a cikin wayar. Aikin da wuta za ta yi ya dogara ga waɗannan biyu a haɗe, don haka ana iya rage ɗaya a ƙara ɗaya, aikin bai canja ba. Ita waya kuwa kamar ɗan dako ce mai ɗan hali, tana cin wani abu daga kayan da aka ɗora mata, tana mayar da shi zafi. Cin nata ya danganta ga yawan wutar da ke gudana, kuma in aka ninka yawan sau biyu, asarar sau huɗu take ninkuwa. Ke nan in aka ɗaga ƙarfin ingizawa sau 10, aka rage yawan da ke gudana sau 10, asarar za ta ragu sau 100.

Na'urar da ke wannan ɗagawa da saukewa ita ce taransifoma, irin wadda muke gani a unguwanninmu. Ba kome ba ce illa naɗin waya biyu a jikin ƙarfe ɗaya, waɗanda ba su taɓa juna ba. Tun a 1831 wani masani Bature ɗan Ingila, Maikel Faraday, ya gano cewa wutar da ke cikin naɗi na farko tana haifar da wuta a na biyu ta hanyar maganaɗisu, amma fa sai in tana canjawa. Wuta mai kai-komo kullum cikin canjawa take, don haka taransifoma tana aiki da ita. Miƙaƙƙiyar wuta kuwa, da yake ba ta canjawa, ba abin da za ta haifar a naɗi na biyu. Shi ya sa wutar madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, take tafiya a kan manyan turaku da bolt 330,000, ana bi ana sauke ta mataki-mataki, har ta shigo ɗaki da bolt wajen 230.

Yadda Rikicin Ya Kasance

Ranar 4 ga Satumba 1882, Tomas Edison ya buɗe tashar bayar da wuta a titin Pearl da ke birnin Niyok. Miƙaƙƙiyar wuta yake sayarwa, mai bolt 110. Wutar tana da kyau, haɗarinta kaɗan ne, amma ba ta iya wuce kimanin mil guda daga tasha ba tare da ta yi rauni ba, sai ko in an sa waya mai kauri ta jan ƙarfe, mai tsadar gaske. Watau kowace unguwa sai an gina mata tasharta, ƙananan garuruwa kuwa ba su da rabo.

Ana nan sai ga Joj Westinghouse, mutumin da ya yi arziki da ƙirƙiro birkin jirgin ƙasa mai aiki da iska. A 1886 ya kafa kamfanin wuta mai kai-komo, kuma a shekarar nan injiniyansa William Stanley ya haska garin Great Barrington da taimakon taransifoma. A 1888 ya sayi izinin amfani da injin da Nikola Tesla ya ƙirƙiro, wanda ke juyawa da wuta mai kai-komo. Shi Tesla ya taɓa yi wa Edison aiki na 'yan watanni bayan isowarsa Amurka a 1884. Nan da nan kasuwa ta fara karkata, domin tasha ɗaya ta Westinghouse tana iya ciyar da wuri mai faɗi da siririyar waya.

Me Edison ya yi? Sai ya ce wa mutane wutar nan tana kisa. A farkon 1888 kamfaninsa ya buga ɗan littafin gargaɗi a kan haka. Kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau: maganar gaskiya ce. A wancan lokaci wayoyi masu dubban bolt sun yi saƙar gizo-gizo a saman titunan Niyok, da yawa rufinsu ya lalace, mutane suna mutuwa. Ranar 11 ga Oktoba 1889 wani ma'aikacin waya mai suna John Feeks ya mutu a kan turke da rana tsaka, gawarsa ta maƙale a cikin wayoyi tana ƙonewa, jama'a sun yi cincirindo suna kallo. Bugu da ƙari, masana sun tabbatar cewa wuta mai kai-komo irin ta gida ta fi saurin rikita bugun zuciya bisa ga miƙaƙƙiya mai ƙarfi ɗaya da ita.

Amma abin bai tsaya ga gargaɗi ba. Wani mai aikin wuta, Harold Brown, wanda ya nuna wa duniya shi ba yaron kowa ba ne, ya shiga kashe dabbobi a gaban jama'a. A watan Yuli 1888, a Kwalejin Columbia, ya jona wa wani kare miƙaƙƙiyar wuta yana ƙara ta har bolt 1,000 bai mutu ba, sa'an nan ya ƙarasa shi da bolt 330 na mai kai-komo. Tun a wurin wasu suka ce ai karen ya riga ya jigata. A watan Disamba aka kashe maruƙa da doki a ɗakin binciken Edison da ke West Orange. A watan Agusta 1889 wata jarida ta buga wasiƙun da aka sato daga ofishin Brown, suka nuna yana da alaƙa ta ɓoye da kamfanonin da ke hamayya da Westinghouse, har da na Edison.

Mafi muni shi ne zancen kujerar kisa. Jihar Niyok tana neman hanyar zartar da hukuncin kisa wadda za ta maye gurbin rataya. Wani likitan haƙori ɗan kwamitin, Alfred Southwick, ya rubuta wa Edison a 1887 yana neman shawara. Da farko Edison ya amsa cewa shi ba ya goyon bayan hukuncin kisa. Da aka sake rubuto masa, sai ya ba da shawarar a yi amfani da injin wuta mai kai-komo, har ya ambaci sunan Westinghouse. Westinghouse ya ƙi sayar da injinsa don wannan aiki, Brown ya samo wasu na hannu ta bayan fage. Ranar 6 ga Agusta 1890, a kurkukun Auburn, aka ɗaure William Kemmler, wanda ya kashe matar da yake zaune da ita da gatari. Aka sakar masa wuta na daƙiƙa 17 aka tsayar, sai aka ga yana numfashi, dole aka sake. Waɗanda suka halarta sun fita cikin tashin hankali.

Duk da haka ba a fasa ba. A 1892 masu jari suka haɗe kamfanin Edison da wani, aka sami General Electric, sunan Edison ya fita daga ciki, sabon kamfanin kuma ya rungumi wuta mai kai-komo. A 1893 Westinghouse ya haska babban bajekolin duniya na Shikago. A watan Nuwamba 1896 wutar da aka samar a magangarar ruwan Nayagara ta isa birnin Bafalo, tafiyar fiye da mil 20. Masu iya magana sun ce hassada ga mai rabo taki ce.

Ina Laifin Yake?

A nan ne muka yi musu da maƙwabcin nawa. Shi cewa ya yi ina ruwanmu da niyyar Edison? Wayoyin suna kisa, ya faɗa, hukuma ta tashi ta sare su aka koma binne waya a ƙasa, rayuka sun tsira. Da ya yi shiru don gudun a ce yana hassada, da ya fi laifi. Kuma shi Westinghouse ba waliyyi ba ne, shi ma kasuwarsa yake karewa.

Na yarda da rabin wannan magana. Ta wajen mai sauraro, gaskiya gaskiya ce ko daga bakin wa ta fito. In maƙiyinka ya ce maka rigarka ta kama da wuta, ba ka tsayawa binciken niyyarsa. Wannan kuwa ciwo ne a tsakaninmu 'yan makaranta, domin da zarar an yi mana gyara sai mu ce hassada ce, mu huta da duba gyaran. Abokina mai waƙa, in yana da hankali, zai gyara baitocin nan biyu ko da ya san abin da ke zuciyata.

Amma ta wajen mai magana, ban yarda cewa niyya aba ce da ke ɓoye a zuci kawai, wadda ba ta shafar maganar ba. A ganina muguwar niyya tana shiga cikin gaskiyar kanta ta ɓata ta, kuma ana iya ganin sawunta.

Na farko, tana zaɓen abin da za a faɗa da abin da za a bari. An faɗa wa mutane wutar tana kisa, ba a faɗa musu cewa ita ce za ta iya kai haske ga garuruwan da miƙaƙƙiya ba za ta kai ba. Kowace jimla daban gaskiya ce, amma hoton da aka bar wa mai sauraro a zuci ba daidai ba ne. Mutum yana iya yaudarar jama'a ba tare da ya furta ƙarya ko ɗaya ba. Waƙar abokina tana da baiti 40, ni biyu na karanta wa taro.

Na biyu, kuma shi ne babban ma'auni a wurina, a dubi maganin da mai magana yake nema. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wannan karin magana yana nuna cewa akwai masu magana iri biyu, kuma a farkon zance ba a bambanta su, domin duka biyu cewa suke kayanka sun karkace. Sai an zo ga magani ake gane su. Wanda ya damu da rayukan mutane zai ce a kyautata rufin waya, a nisanta ta daga jama'a, a sauke ƙarfinta kafin ta shiga gida, a hukunta kamfanin da ya yi sakaci. Abin da duniya ta yi daga baya ke nan. Shi kuwa Brown nema ya yi a kafa doka kada wuta mai kai-komo ta wuce bolt 300, wanda daidai yake da a yanke mata ƙafa, tun da fifikonta duk a ɗaga ƙarfi yake. Edison kansa, a wata maƙala da ya buga a watan Nuwamba 1889, ya nuna cewa binne waya ba zai magance kome ba, kuma son ransa a hana wutar gaba ɗaya. Duk wanda gyara ba ya gamsar da shi, sai faɗuwar mai kaya, to ba karkatar kayan ce ta dame shi ba. Tarihin Musulunci ma ya san irin wannan, domin lokacin da Hawarijawa suka ɗaga takensu, Sayyidina Ali bai ƙaryata lafazin ba, abin da ake nufi da shi ya tona.

Na uku, mai maganar shi ne farkon wanda take cutarwa. Ban ce Edison bai gaskata abin da yake faɗa ba. Alamu sun nuna da gaske yake tsoron wutar nan. Amma mutum yana iya gaskata abu da zuciya ɗaya, alhali son kai ne ya zaɓa masa abin da zai gaskata. Kamfaninsa yana da damar amfani da wata taransifoma da injiniyoyin ƙasar Hangare suka ƙera, aka ajiye ba a taɓa ba. Mutumin da ya yi suna wajen gwada abu sau da yawa kafin ya yanke hukunci, a nan sai ya ƙi duba abin da ke gabansa. Mutumin da ya ce ba ya son hukuncin kisa, sai ga shi yana taimakawa a ƙera kujerarsa. Wannan shi ya fi ba ni tsoro, domin ya nuna ilmi ba ya kare mutum daga wannan cuta. Hasali ma mai ilmi ya fi iya samo wa son zuciyarsa hujja mai kyau.

Sai dai laifi tudu ne. Mu ma yau muna yi wa Edison irin abin da ya yi. Za ka ji ana cewa shi ya kashe wata giwa mai suna Topsy da wuta don ya ɓata Tesla. An kashe giwar a watan Janairu 1903, fiye da shekara goma bayan rikicin ya mutu, masu ita ne suka yanke shawarar, Edison ba ya wurin, sai dai kamfanin fim mai ɗauke da sunansa ya ɗauki hoton abin. Da yake labarin ya yi daidai da yadda muke son ganin mutumin, ba ma tsayawa bincike.

Kammalawa

Wani abin mamaki shi ne miƙaƙƙiyar wuta ba ta mutu ba. Kamfanin wuta na Niyok bai daina raba ta ba sai a 2007. Wayar hannu da kwamfuta da ita suke aiki, aikin caja shi ne ta mayar da wutar bango miƙaƙƙiya. Farantin sola miƙaƙƙiya yake bayarwa, sai inbata ta mayar da ita mai kai-komo. Har a tafiyar nesa, inda aka kayar da ita, ta dawo bayan da aka sami na'urorin juya ta: a 1954 an kai ta tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin ta ƙarƙashin teku, tun ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa mata layi mai tsawon kilomita wajen 1,400 daga madatsar Kahora Basa ta Mozambik zuwa Afirka ta Kudu, a ƙasar Sin kuma akwai layi mai bolt 1,100,000 da ya wuce kilomita 3,000. Ashe kowace wuta da gurbinta, kuma da ana son gaskiya tun farko, tambayar ita ce wace ta dace da wane aiki. Wutar Edison zamani ya wanke ta. Abin da bai wanku ba shi ne hanyar da ya bi wajen kare ta.

Don haka amsata ga tambayar da na fara da ita ita ce: mu karɓi maganar, amma kada mu ba mai ita sunan mai gaskiya sai mun ga ya faɗi abin da ke gefen abokin hamayyarsa, kuma gyara zai wadatar da shi. Wannan ya shafi malamin da ke duba aikin ɗalibin da ya zo da sabon ra'ayi, ya shafi ɗalibin da ke sukar littafin malaminsa, ya shafi duk mai sharhi a wannan mujalla tamu. Kafin mutum ya miƙe ya yi gyara, ya tambayi kansa: in aka gyara abin nan ya ƙara kyau, zan yi farin ciki ko baƙin ciki?

Ni na yi wa kaina wannan tambaya, amsar kuwa ba ta yi mini daɗi ba. Bayan 'yan kwanaki na sami abokin nawa a ɗakin karatu, na faɗa masa abin da na gani a sauran baitoci 38, wanda ya kamata in faɗa a gaban taro ban faɗa ba. Ya yi dariya ya ce ai tuni ya gyara biyun. Abin da na faɗa a fili, a fili ya kamata in cike shi, shi ya sa na rubuta wannan.

Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon faɗarta dominsa. Wassalam.